Maƙerar Bayan Rumbu

Ɗakin da nake zaune a ciki yau ni na gina shi da hannuna, tun Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Gumel ba, tun jirgin ƙasa bai iso Gagarawa ba. Da sunan maƙera na gina shi, ina ta murna. Ban san ɗakin da za a ajiye ni nake ginawa ba. Akwai wani tabo fari-fari a gadon bayana, tsakanin kafaɗu, faɗinsa kamar tafin hannu. Duk gidanmu an gan shi, an kuma yanke cewa kuturta ce. Ni kaɗai da nake ɗauke da shi ban sani ba.

Mu maƙera ne kaka da kakanni, a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Babanmu ya rasu a shekarar babbar yunwa, gida da maƙerar ƙofar gida suka koma hannun yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke riƙe da guduma, ni ina kan zuga-zugi ina hura masa wuta. A wannan zaman na yi gemu, a cikinsa na yi aure. Na iya ƙira, don duk ranar da ya tafi kasuwar Gumel ni nake wa mutane fartanya da lauje, ba wanda ya taɓa dawo da aikina. Amma da ya dawo sai in koma kan fatar akuyata.

Nakan roƙe shi in na ga ransa a sake.

"Yaya, da ka bar ni na kafa tawa, ko 'yar ƙarama ce."

"Taka me?"

"Maƙera."

"Auta, kai da ko allura ka ƙera sai ta fito da ƙusumbi? Hura wuta, ƙarfe na hucewa."

Daga baya na ji yadda maganar tabon ta faro. Matata ce ta fara ganinsa. Ta ji nauyin gaya mini, sai ta gaya wa innarmu, wai ko akwai saiwar da za a jiƙa. Inna kuma ta gaya wa Yaya. A wurinmu an san yadda ake gane ciwon: fatar wurin takan mutu, ko an soka ƙaya mutum ba ya ji. Yaya bai nemi ƙaya ba. Shi maƙeri ne, da wuta ya saba.

Akwai abin da Baba ya hore mu a kai tun muna ƙanana. Ɗan maƙeri ba ya zabura don wuta. In tartsatsi ya sauka maka a cinya ka motsa, mari ne zai biyo baya. Yakan ce manomi ke tsoron wuta, mu kuwa baiwarmu ce. Duk ɗan gidanmu da wannan yake tinƙaho, ni ma haka.

Wata rana da bazara, zafi ya kai inda ya kai, ina aiki ba riga, Yaya ya ce in duƙa in tsince masa manyan gawayi daga kwando. Ina duƙe na ji an ɗora mini garwashi a tsakiyar baya. Na ji shi har cikin ƙwaƙwalwa. Na ji ƙaurin fatata. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne, yau Yaya gwada ni yake, ya ga ko na isa riƙe wuta tawa. Na cije haƙora na ci gaba da tsintar gawayi ɗaya bayan ɗaya, har ya sa awartaki ya ɗauke abinsa.

Ya ce, "Ka ji wani abu?"

Na ɗago na dube shi, na ce, "Wane abu?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tashi ya je ya wanke hannunsa, alhali lokacin salla bai yi ba.

Da magariba aka kawo tuwo. Mun saba ci a akushi ɗaya, ni da shi. Ran nan sai ga akushi biyu, ɗaya sabo. Ya tura mini sabon da ƙafa.

"Ka girma, Auta. Mai maƙera ba ya cin tuwo a akushin wani. Gobe ka fara neman ƙasa."

Na ci tuwon nan kamar an naɗa ni sarauta.

Washegari muka fita duba wuri. Ni a ƙofar gida nake so, gefen hanyar rijiya, inda manomi zai gan ni in ya wuce. Yaya ya girgiza kai. Ya ce gidanmu duk zana ne da jinka, wuta biyu a wuri ɗaya neman masifa ne. Ya ja ni muka ratsa tsakar gida, muka wuce turken awaki, muka wuce rumbunan gero, har ƙarshen fili inda wata tsohuwar aduwa take. Ya zana da'ira a rairayi da yatsan ƙafarsa. Na ce to ƙofa ta kalli kudu, wajen gida, don mai ɗakina ta riƙa miƙo mini ruwa. Ya ce a'a, arewa za ta kalla, wajen daji, kada iska ta kwashi tartsatsi zuwa rumbu. Maganarsa ta yi ma'ana. Duk abin da ya faɗa a kwanakin nan yana da ma'ana.

Ni na ce da ƙasa zan yi ginin, ba da kara ba. Ƙasarmu rairayi ce, ka kwaɓa ta yau gobe ta zube, shi ya sa ɗakin ƙasa sai gidan mai gari da masallaci. Laka mai danƙo sai a wani busasshen tafki, tafiyar hantsi daga gari. Yaya ya ba ni jakin gida bai ko yi musu ba. Kullum da sassafe in tafi in fasa laka da gatari, in cika mangala, in koro jaki. Sai da na tara tudu ya kai ƙirjina na fara kwaɓi, da ƙaiƙayin gero da kashin jaki, in tattake da ƙafa, in rufe da ciyawa ta ruɓa, in sake tattakewa. Na mulmula tubali na jera a rana. Tushe kuwa sai da na haƙa har gwiwa kafin na sami ƙasar da za ta riƙe nauyi.

Ruwan kwaɓin nan duk matata ce ta ja shi, kuma rijiyarmu mai zurfi ce, igiyarta kaɗai kaya ce. Takan sauke tulu nesa kaɗan ta tsaya tana kallona.

"Malam, ka sa riga mana."

"A cikin laka? Wa zai wanke?"

"Ni zan wanke. Ka sa dai."

"Ke kishi kike kada matan gari su ga ƙirjin mai maƙera."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki tulunta ta koma rijiya. A kwanakin ne ta fara shimfiɗa tabarmarta can bakin ƙofa, ta ce zafi ne. Na yarda, don zafin akwai shi.

A al'ada in mutum yana gini samarin unguwa sukan shigo kwaɓi, ana tattakawa ana waƙa. Ni ba wanda ya sa ƙafa a lakata. Sukan tsaya daga inuwar aduwa su ce sannu da aiki, in na miƙa hannu su ce ai hannunka da laka. Na ɗauka hassada ce, tunda sa'o'ina ba mai ɗakin ƙasa. Na bar musu, na yi ta ɗora tubali, layi bisa layi, ina jiran na ƙasa ya sha iska kafin in ɗora na sama. Na bar kafofi a ƙasa don iska, na bar wasu a sama don hayaƙi. Na gina ɗan bangon murhu, na binne kututturen ƙirya inda uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, za ta zauna, na haƙa ramin da zan sa ƙafa in ina zaune. Ban taɓa yin wani aiki da hankalina duka kamar wannan ba, kafinsa ko bayansa. Ga bangon nan har yau bai tsage ba.

Jinka a ƙasa na haɗa ta, da kara da tanka, na baibaye da shuci. Ɗaga ta sai da mutane, Yaya ya kira su. Da suka kewaye ta na matso in kama, sai ya ce, "Mai ɗaki ba ya ɗaukar jinkarsa. Tsaya can ka gaya mana in ta daidaita." Ban taɓa jin wannan al'adar ba, amma na ja baya ina ba da umarni, a matsa gabas, a sauke kaɗan. Da aka gama aka ba su fura a ƙwarya ɗaya, tawa daban.

Sannan Yaya ya raba kayan aiki. Ya ba ni zuga-zugin da nake hurawa tun ina yaro, da ƙaramar guduma, da awartaki biyu, da tsohuwar uwar maƙerar Baba. Har da buzun da nake zama a kai da kaskon ruwan da nake wanke hannu. Na rasa bakin godiya. Sai daga baya na lura ba abin da ya ba ni sai wanda hannuna ya saba taɓawa.

Saura gawayi. Ya ce wutar farko ba a kunna ta da gawayin aro, in je daji in ƙona nawa. Na tafi na sari ƙirya na yi 'yan kwanaki ina ƙonawa. Ranar da na dawo, na biyo ta bayan gari da jaki, na sauke kaya a ƙofar maƙera, na zaga in shiga gida in sha ruwa. Sai na tarar da danga. An kafa itacen dashi a jere tun daga wannan kusurwa har waccan, tsakanin rumbuna da ɗakina, an ɗaure zana sabuwa fil, ba a bar ko kafar da kaza za ta bi ba. A cikin maƙera kuwa ga tabarmata, ga akushina, ga rigunana a naɗe a kan uwar maƙera.

Na yi kira ta kan zana. Inna ce ta zo. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Inna, wannan dangar fa?"

"Yayanka ya ce saboda awaki."

"Ina mai ɗakina?"

"Ubanta ya zo ya tafi da ita. Wai uwarta ba lafiya." Ta miƙo mini ƙwarya ta sama, da wani jiƙo mai ɗaci a ciki. "Sha wannan, Auta. Maganin gajiya ne."

Na sha. Na kunna wutata ni kaɗai, hannu ɗaya a zuga-zugi, ɗaya a awartaki. Damina ta matso, lokacin da maƙeri ba ya samun sukunin cin abinci, ina jiyo gudumar Yaya tana tashi daga ƙofar gida tun safe har yamma. Ni ba wanda ya leƙo. Na ƙera fartanyoyi na jera a bakin ƙofa suna kallon daji.

Wanda ya fara kawo mini aiki wani Buzu ne mai raƙuma, da yakan sauko da kanwa kasuwar Maigatari, ya saba yada zango a garinmu. Tsakanin Buzaye da maƙera akwai wasa tun na kakanni, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma ba abin da Buzu zai gaya wa maƙeri a yi fushi. Ya durƙusar da raƙuminsa a gindin aduwa, ya leƙo da wuƙar da ƙotarta ta fita.

"Bawa, ina ubangijinka?"

"Ga shi kana kallo, ɓarawon kanwa. Shigo ka gaishe shi."

"Ashe kai ne. A bakin rijiya na ji ana cewa an gina wa kuturun maƙeri ɗaki a bayan gari. Na ce bari in yi sauri in kai masa aiki tun yatsun suna nan."

Na yi dariya. Na ce, "Kuturu yana cikin rawanin nan, shi ya sa ba ka buɗe fuska."

Shi bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi dangar, ya dubi akushina a gefe.

"Ba su gaya maka ba?"

"Me?"

Ya zaro ɗan madubi daga jakar wuyansa, irin wanda suke sa kwalli da shi. Ya ce in juya wa kaskon ruwa baya in tsuguna. Muka yi ta gyara madubin har na hango bayana a cikin ruwan. Ga tabon, fari-fari. Ga kuma ƙunar garwashi a tsakiyarsa, baƙa, kamar ƙwayar ido.

Ya tsinko kara ya ja a wurin. "Ka ji?"

"Na ji."

"To. Ni dai ciwon raƙumi na sani. Gyara mini wuƙata."

Na gyara masa. Da ya tafi na sa riga, na bi ta bayan danga, na zaga gidan maƙwabta, na ɓullo ta hanyar rijiya, na zo ƙofar gidanmu kamar baƙo. Manoma na zaune a maƙerar Yaya suna jiran aiki. Da suka gan ni suka janye ƙafafunsu, aka buɗe mini fili mai faɗi. An ɗinka sabon zuga-zugi, babban ɗansa na kai.

Na ce, "Yaya, ranar nan na ji wutar."

Bai daina bugu ba. "Wace rana?"

"Ranar da ka ɗora mini garwashi. Na ji shi sarai."

"Na tambaye ka. Me ka ce mini?"

"Baba ne ya hana mu motsi. Kai ma ka sani. Na ɗauka gwada ni kake."

"Gwada ka nake mana." Ya juya ƙarfen ya mayar wuta. "Garwashin ƙirya, Auta, har fata ta yi ƙauri. Baba da kansa da ya yi tsaki."

Na tuɓe rigar na juya masa baya a gaban mutane. Na ce ga wuta nan, ya sake ɗorawa.

Ya ce, "Yanzu ai ko ƙuda ya sauka tsalle za ka yi." Wani daga cikin manoman ya yi dariya ya haɗiye, Yaya ya ci gaba. "Sa rigarka, mutane za su ci abinci. Ina da 'ya'ya mata a gidan nan, wa zai nemi aurensu? An ba ka ɗakin ƙasa, ko mai gari albarka. An ba ka maƙerar da ka dame ni a kanta. Me kuma kake so?"

Na sa rigata na koma ta hanyar da na zo.

Kafin a yi girbi surukina ya aiko limamin garinsu a karɓi sakin 'yarsa. Limamin daga gindin aduwa ya tsaya ya faɗi saƙonsa. Na ce a ba ni shekara guda a ga yadda tabon zai yi. Ya ce yarinya ba za ta zauna jiran yatsu su zube ba. Na sake ta. Ta yi aure wajen Maigatari, ta haifi 'ya'ya. Sau ɗaya na gan ta a kasuwa bayan shekaru, ta dubi hannuwana kafin ta dubi fuskata, ta ce, "Yaya jiki?" Na ce da sauƙi.

Tabon bai ƙaru ba, bai ragu ba. Yatsuna goma suna nan, da su nake riƙe alƙalamin nan. Sannu a hankali aiki ya fara zuwa, Buzaye da Fulani tukuna, sannan mutanen ƙauyukan da ba su san labarin ba, daga ƙarshe har 'yan garinmu, in layin Yaya ya yi tsawo. Sukan ajiye fartanya a bakin ƙofa su koma inuwa. Inna ta yi ta miƙo mini tuwo da jiƙonta ta kan zana har ƙarfinta ya ƙare. Ranar da ta rasu ina jiyo kukan mata ta cikin danga, kusa ƙwarai, amma sai da na zaga ta hanyar rijiya, na tarar har an fito da ita.

Yaya ya taka ƙofata sau ɗaya, bayan ya tsufa idonsa ya fara rauni. Wai wani aiki ne ya gagari uwar maƙerarsa, yana son aron ta Baba. Ya zauna a dokin ƙofa yana kallon hannuna a kan guduma.

Ya ce, "Ka ga amfanin keɓe ka da wuri. Jiƙon Inna ya karɓe ka."

Na ce, "Yaya, tunda na warke, a buɗe mini 'yar ƙofa a dangar nan."

Ya juya ya dubi dashin. Itacen da aka kafa ba ko ganye duk sun yi saiwa, sun yi kauri kamar cinya, rassansu sun sarƙe da juna.

"Dashi ya riga ya kama, Auta. In aka sare ɗaya awaki za su shiga rumbu. Ɗakinka na da kuma yaron nan ya sa amaryarsa a ciki." Ya miƙe yana dafa bango. "Ginin nan naka ya yi kyau. Ka aiko mini da ƙarfen, amma ka sa shi a wuta tukuna."

Na sa uwar maƙerar a wuta ta yi ja, na bar ta ta huce, na ɗora wa jaki, na zaga da ita ta hanyar rijiya. Ba a dawo mini da ita ba.